Shekara Uku a Ƙofar Likitanci: Nazarin Lamarin Wata Ɗaliba a Bauchi

Asalin lamarin

Yarinyar da wannan nazari ya shafa a cikin garin Bauchi aka haife ta, a nan ta yi firamare, a nan ta gama sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo a 2022 tana da shekara 17. Mahaifinta ɗan kasuwar hatsi ne. Tun yana saurayi ya baro ƙauyensu ya zo Bauchi neman na kansa, lokacin ƙauyen yana cikin jihar Bauchi. Da aka ƙirƙiro jihar Gombe ranar 1 ga Oktoba 1996, ƙauyen ya faɗa can, shi kuwa yana nan inda yake, bai ga wani abu ya sauya a rayuwarsa ba. 'Ya'yansa duka da Bauchi suke amsawa idan aka tambaye su jiharsu.

Tun tana aji uku na ƙaramar sakandare take cewa likita za ta zama, kuma malamanta ba su ɗauki maganar wasa ba, domin ba ta fita daga sahun ukun farko a ajinsu. Sai dai makarantar tana da giɓi. Ba ta da tsayayyen malamin Fizis a yawancin shekarunta na babbar sakandare. Mai bautar ƙasa ne ke zuwa ya koyar na wasu watanni, ya tafi, a jira wani. Ɗakin gwaje-gwajen kuma yana nan da sunansa, amma ɗalibai sun fi saninsa a matsayin wurin ajiye karyayyun kujeru.

Yadda ake raba guraben

Kafin a bi shekarun ɗaya bayan ɗaya, sai an fahimci ƙa'idar da ake shiga da ita, domin kusan duk abin da ya same ta daga nan ya samo tushe.

Mai neman karatun likitanci yana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis. Kiredit daga A1 ne zuwa C6, D7 ba ya ciki. Makarantun likitanci da yawa suna ƙara sharaɗin cewa biyar ɗin a zama ɗaya aka same su, wato a takarda guda. A JAMB kuma, wato jarrabawar neman shiga jami'a, darussa huɗu ake rubutawa, Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fizis, jimillar maki 400. A shekarun 2022, 2023 da 2024 mafi ƙarancin makin shiga jami'a da aka amince da shi a ƙasa shi ne 140, amma wannan bai shafi likitanci ba ko kaɗan. Kowace jami'a ita ke tsayar da nata makin, bayan ta yi tata tantancewar.

A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi uku. Kashi 45 cikin 100 na cancanta ne zalla, duk wanda ya fi maki shi ke shiga, ko daga ina yake. Kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar ne. Kashi 20 kuma na jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimin boko, kuma Bauchi da Gombe duka suna cikinsu. Tsarin yana da alaƙa da manufar raba daidai tsakanin sassan ƙasa da ke sashe na 14(3) na kundin tsarin mulkin 1999. Jami'o'in jihohi su kuma mafi yawan gurabensu 'yan asalin jiha suke ba wa, wasu har suna lura da rabon ƙananan hukumomi.

Abin kamar layi uku ne a bakin famfo ɗaya: layin da ka tsaya shi ke nuna su wa za ka yi gogayya da su, amma ruwan ba ya ƙaruwa. Yawan ruwan kuma ba jami'a ke yanke shi ba. Hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da gadajen asibitin koyarwarta. Tun 2017 kuma duk gurbin da aka bayar sai ya bi ta manhajar CAPS ta JAMB, inda jami'a ke miƙa sunaye, JAMB ta duba ta amince, ɗalibi ya danna ya karɓa ko ya ƙi.

2022: takardu biyu, zama biyu

Ta rubuta JAMB a watan Mayun 2022, ta sami 224: Turanci 52, Bayoloji 66, Kemistiri 60, Fizis 46. A makarantarsu babu wanda ya kai ta a ajin kimiyya, har shugaban makarantar ya ambaci sunanta a taron safe.

Da sakamakon WAEC ya fito, Turanci C6, Lissafi C5, Bayoloji B3, Kemistiri C4, Fizis D7. Ta ce a jarrabawar aikin gwaji ta Fizis ranar ce karo na biyu da ta taɓa riƙe kayan da hannunta. An ɗora mata wayoyi da batir da ma'aunin lantarki a kan tebur, ta san sunan kowanne daga littafi, ta san lissafin da za a yi da lambobin, amma haɗa su ya cinye mata rabin lokaci. NECO ta zo daga baya da Fizis C6, sai dai a can Turanci ne ya faɗo D7.

A gida aka ce ai shi ke nan, a haɗa takardun biyu, kiredit biyar sun cika. Mai shagon intanet ɗin da ya yi mata rajista shi ma haka ya ce. Ga kwasa-kwasai da yawa maganar gaskiya ce. Jami'ar tarayyar da ta zaɓa kuwa zama ɗaya take karɓa a likitanci, kuma hakan yana rubuce a kundin bayanan kwasa-kwasai na JAMB, wanda babu wanda ya buɗe a cikinsu. Shekarar ce kuma ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, aikin ɗaukar ɗalibai ya tsaya cak a jami'o'i da dama, wasu suka tara masu jira na shekara biyu. Saboda haka ba ta ma san an cire ta daga lissafi ba sai da aka yi watanni ana jira.

Ƙarshen 2022: neman hanya

A cikin wannan jira ne Baffanta, ƙanin mahaifinta, ya kawo shawarar a nemi hanya. Ra'ayinsa shi ne ra'ayin mutane da yawa a gari: likitanci ba a samunsa sai da wani babba a sama. Ya samo takardar wani ɗan siyasa ya kai jami'ar. An karɓa da mutunci, ba a sake jin labarinta ba. Daga nan wani mutum da ya ce yana da ɗan'uwa a ofishin ɗaukar ɗalibai ya karɓi kuɗi a hannun mahaifin, kuɗin da ya kai ribar buhunan masara da yawa, da alƙawarin suna zai fito a jeri na biyu. Jeri na biyu ya fito babu ita, na uku ma haka, wayar mutumin kuma ta daina shiga.

Abin da ya yi amfani a wannan tsakanin daga wani wuri ya zo. Wani malamin Fizis mai ritaya a unguwarsu, abokin sallar mahaifinta, ya nemi a kawo masa takardun ya gani. Da ya duba ya ce mata: "'Yata, ba wanda ya danne ki. Takardarki ce ba ta cika ba." Ya ba da shawarar ta rubuta WAEC ta masu zaman kansu da ake yi a ƙarshen shekara, duka darussan a zama ɗaya. A wannan jarrabawar ba a shiga ɗakin gwaji, a takarda ake amsa tambayoyin da ke maye gurbin aikin gwajin, kuma hakan ya dace da wadda ta san lissafi amma hannunta bai saba da kaya ba. Duk da haka Malam bai bar ta a kan takarda kawai ba. A zaurensa, bayan la'asar, yakan ɗaure dutse da zare a jikin ƙusa ya ba ta agogo ta ƙirga kai-komonsa, ta sauya tsawon zaren, ta sake ƙirgawa, ta zana jadawalin da kanta. Da tsofaffin batiran tocila da ƙwan fitila ya koya mata haɗa waya.

Sakamakon ya fito a farkon 2023: Turanci C5, Lissafi B3, Bayoloji B2, Kemistiri B3, Fizis C4.

2023: maki ya hau, takardar asali ta tsaya

A JAMB ta 2023 ta sami 261: Turanci 58, Bayoloji 74, Kemistiri 70, Fizis 59. Ta sa wata tsohuwar jami'ar tarayya mai suna a matsayin zaɓin farko, domin a can likitan da take sha'awa tun tana ƙarama ya yi karatu. Malam ya so ta duba na kusa, amma bai matsa ba.

Jami'ar tana raba makin JAMB da takwas ya zama rabin jimilla, jarrabawar tantancewarta ta cike ɗaya rabin. Makinta 261 ya koma 32.6. A tantancewa ta ci 62 cikin 100, wato 31. Jimilla 63.6. Wannan bai kai ta layin cancanta ba, inda masu maki kusa da 300 daga ko'ina a ƙasa suke cunkushe. Fatanta yana kan kason jiha.

A nan aka nemi takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda kowa ke kira indijin. A rajistar JAMB an rubuta mata Bauchi. Da mahaifinta ya je sakatariyar ƙaramar hukumar da suke zaune, aka tambaye shi garin mahaifinsa, ya faɗa, aka ce masa ai can zai je. A tsarin da ake bi a ƙasar nan asali na bin uba ne, ba wurin haihuwa ko daɗewar zama ba. Shekarunsa sama da talatin a Bauchi, da harajin kasuwa da yake biya, da 'ya'yan da aka haifa masa a nan, duk ba su shiga lissafi. Wani a bakin sakatariyar ya ja shi gefe ya ce za a iya yi masa takardar a kwana ɗaya idan ya ba da wani abu. Ya ƙi. Ya ce an cuce shi sau ɗaya a kan wannan karatu, kuma ya ji cewa takardar bogi ko ɗalibi ya kai ajin ƙarshe aka gano ta korarsa ake yi.

Kafin a je ƙauye a samo ta gaskiya, a kuma gyara jihar da ke rajistar JAMB ta dace da ita, an rufe tantancewa. Aka lissafa ta a layin cancanta kaɗai. Bayan 'yan makonni saƙo ya bayyana a shafinta na CAPS cewa jami'ar tana so ta mayar da ita kwas ɗin nazarin ƙananan halittu.

An kai ruwa rana a gidan kan wannan tayi. Baffa ya ce ta karɓa, idan ta yi shekara ɗaya da maki mai kyau sai ta sauya zuwa likitanci. Malam ya yi bayanin cewa sauyin yana da wuya ƙwarai, saboda adadin da MDCN ta ƙayyade ya riga ya cika da waɗanda aka ɗauka tun farko, har ma akan rage wasu daga cikinsu a ƙarshen shekarar farko. Goggonta kuma ta kawo tata maganar, cewa yarinya ta yi shekara biyu a gida, sa'o'inta suna ɗakunansu, ga masu nema suna zuwa. Ba da mugun nufi ta faɗa ba, abin da take gani a unguwa ne. Akwai kuma hanyar IJMB, shirin share fage da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, wanda ke kai ɗalibi aji biyu kai tsaye, amma guraben likitanci ta wannan ƙofa sun fi ƙaranci, kuma ga kuɗin makaranta. Mahaifiyarta ce ta raba gardamar. Ta ce a ba ta shekara ɗaya tak, idan ba a dace ba ta karɓi duk kwas ɗin da ya samu. Yarinyar ta danna ƙin amincewa.

Ƙarshen 2023 zuwa farkon 2024: gyara

Da takardu aka fara. Mahaifin ya ɗauke ta suka tafi ƙauye, karo na uku ke nan a rayuwarta da ta taka garin. Dagaci ya san kakanta, ya rubuta wasiƙa, hakimi ya sa hannu, sakatariya ta ba da takarda. Aka gyara jiha da ƙaramar hukuma a bayananta na JAMB. Malam ya sa aka jera takardar haihuwa da katin NIN da sakamakon WAEC da indijin a kan tabarma, aka bi harafi-harafi, aka tarar an rubuta sunan mahaifinta iri biyu. Shi ma aka gyara shi tun kafin a buɗe rajista.

Sai zaɓin jami'a. A wannan karon an zauna an lissafa abin da ke kusa. A Bauchi akwai Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da asibitin koyarwarta. A Azare akwai Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a 2021. A Gombe akwai jami'ar jiha da aka kafa a 2004, ga kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya a garin. Ga Maiduguri da Jos da Kano da Zariya. A kan kowace aka yi tambaya uku: zama nawa take karɓa, yaya take haɗa maki, kuma a wane layi yarinyar za ta tsaya. Aka nemi ɗaliban da ke karatu a wuraren aka ji daga bakinsu. Zaɓin farko shi ne komai, domin a kwas irin likitanci da wuya jami'a ta waiwayi wanda ya sa ta a na biyu. A ƙarshe ta zaɓi wata jami'a a jihar da takardarta ta nuna.

Karatun kansa bai sauya salo sosai ba, tsari aka ƙara masa. JAMB tambaya 180 ce a cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun, kuma a kwamfuta ake yi. A shekarun baya lokaci yakan ƙare mata tana tsakiyar Fizis. Sai ta riƙa zuwa wata cibiyar kwamfuta sau ɗaya a mako tana yin cikakkiyar jarrabawar gwaji da agogo, tana rubuta duk tambayar da ta faɗi a wani littafi na daban, Malam kuma ya bi su da ita ɗaya bayan ɗaya. Turanci wata malamar makarantar kuɗi da ke maƙwabtaka da su ta taimaka mata da shi kyauta.

2024: sakamako

Ta rubuta a watan Afrilu, ta sami 287: Turanci 64, Bayoloji 78, Kemistiri 75, Fizis 70. Alƙaluman da JAMB ta fitar a shekarar sun nuna kimanin kashi 76 cikin 100 na masu jarrabawar ba su kai 200 ba, mutum 77,070 ne suka sami 250 zuwa sama, 8,401 kacal suka kai 300. A shekarar ce kuma Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Misau, ya bayyana cewa an ɗaga yawan guraben karatun likitanci da jinya da sauran fannonin lafiya daga 28,000 zuwa 64,000 a shekara.

An ɗora sakamakon WAEC a CAPS tun da wuri, aka buga shaidar ɗorawar aka ajiye. Ta shiga tantancewa da takardun da suka yi daidai da juna. Sunanta ya fito a jeri na farko, ta danna amincewa a ranar. Ba a kai takardar kowa ba, ba a ba kowa ko sisi ba. Ta gama shekarar farko ta darussan kimiyya, ta tsallake zuwa aji biyu, inda ake fara nazarin sassan jikin ɗan Adam. Gabanta akwai sauran shekaru biyar daga cikin shida na karatun, da shekarar horo a asibiti, da bautar ƙasa.

Abin da lamarin ya nuna

Cikas uku ta fuskanta, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya shafi rashin uba a sama. Na farko Fizis ne da sharaɗin zama ɗaya. Na biyu jihar da aka rubuta mata ba tare da an yi tunanin takardar da za ta tabbatar da ita ba. Na uku zaɓen jami'a don suna. Biyu daga ciki da an kauce musu a cikin awa ɗaya, da akwai wanda ya zauna da ita ya karanta ƙa'ida kafin rajistar farko. Wannan aikin malamin ba da shawara ne a sakandare, kuma makarantarsu ba ta da shi. Mai shagon intanet ne ya cike gurbinsa, alhali shi aikinsa ya cike fom ya karɓi kuɗinsa. Ƙarin maki 63 tsakanin 2022 da 2024 ƙoƙarinta ne da na Malam. Ƙarin guraben da aka yi a ƙasa wataƙila ya sassauta gogayya a shekarar, amma makinta da takardunta ne suka kai ta inda za ta amfana da shi.

Game da kason jihohi masu ƙarancin ci gaban ilimin boko, ina ganin mutanenmu suna yi masa fahimta biyu, duka ba daidai ba. Wasu a Kudu suna ɗauka ɗan Arewa da kowane irin maki yake shiga likitanci. Wasu a nan gida suna ɗauka tunda jiharmu tana cikin jerin, an riga an ajiye mana kujera. Lamarin yarinyar nan ya ƙaryata duka biyun. Kason bai ɗauke mata kiredit ɗin Fizis ba, bai kuma shigar da ita da 224 ba. Abin da ya yi shi ne ya rage yawan waɗanda za ta yi gogayya da su bayan ta cika sharuɗɗa. Ina goyon bayan a ci gaba da shi, domin asibitocin karkarar Bauchi da Gombe suna buƙatar likitocin da suka san harshen marasa lafiya kuma suke da dalilin zama a nan.

Damuwata ita ce su wa ke cin moriyarsa. An yi kason ne saboda yaran da makarantunsu suka gaza, amma da sunan jiha ake rabonsa. Ɗan babban ma'aikaci da ya yi makarantar kuɗi a Abuja, mai ɗakin gwaji da malamin Fizis uku, da takardar ƙaramar hukuma ɗaya yake shiga layi da yarinyar da ranar jarrabawa ce karo na biyu da ta taɓa riƙe ma'aunin lantarki. A irin wannan layi an san wanda zai riga. Ita ta samu ne saboda an yi dace akwai malami mai ritaya a unguwarsu, da uba da ya iya ɗaukar nauyin rajista sau uku, da uwa da ta tsaya mata. 'Yan ajinsu da ke biye da ita a maki ba su sami ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Ga kuma batun asali. Yarinyar da makarantar Bauchi ta yi wa giɓi, a ƙarshe kason wata ƙaramar hukuma ta ci, wadda ba ta taɓa zama a ajin wata makarantarta ba, kuma mai yiwuwa wani yaron ƙauyen ne ya rasa gurbi saboda ita. Ban ga laifinta ba, ƙa'idar ce ta tura ta can. Da ana duba sakandaren da ɗalibi ya gama tare da takardar asalinsa wajen rabon kason, da ya fi kusa da waɗanda aka yi shi dominsu. Da kuma kowace jami'a tana wallafa makin da ta tsaya a kai a kowane layi da kowace jiha bayan an gama ɗauka, kamar yadda wasu jami'o'in Kudu maso Yamma suke yi, da iyaye sun san matsayin 'ya'yansu tun kafin wani ya zo musu da labarin ɗan'uwansa da ke ofishin ɗaukar ɗalibai.